Komar Baba

Shekarar da ruwa ya shigo mana unguwa a Haɗeja, ya rushe murhun bandata, ya kwashe itacen da na tara, jarina kuma ya tafi wajen gyaran ɗaki. Bandar kifi na gada a wurin mahaifiyata, kuma tare da sana'ar na gaji masuncinta, wani dattijo a wajen Guri da nake kira Baba. A harkarmu ba a jiran kifi ya fito sannan a yi ciniki. Kafin ruwa ya fara janyewa ake kai wa masunci kafin alƙalami, ya sayi koma ya gyara jirgi, shi kuma abin da ya kamo naki ne har kuɗin su fita. Wadda ba ta kai ba ta rasa masuncinta, sai ta koma sayen ragowar wasu a bakin kasuwa.

Ni kuwa a shekarar ba ni da abin kaiwa. Kwasar adashena da saura, maƙwabta kowa ruwa ya taɓa shi. Sai ga labari wai wani dillali mai mota yana bin ƙauyuka yana tura wa masunta kuɗi ta waya, har ya kai kan Baba. Na ji haushin da ko abinci ban iya ci ba.

Maigida ne ya ce, "Ai yanzu waya ma tana ba da rance, ki gwada mana."

Na sauke manhajoji, na zauna a tabarma ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko baki gare ta kamar zuma, wai kafin shayina ya huce kuɗi sun shigo. Da na karanta ƙananan rubutun sai ga kuɗin ruwa jibgi, kuma tana neman in buɗe mata lambobin mutanen da ke wayata. Na san abin da irinsu ke yi, ranar da kika makara za su bi kowa da saƙo. Wato surukaina su ji ana bi na bashi? Na goge ta. Wata kuma cikin mako take son kuɗinta, kamar ita za ta ce wa kogi ya janye.

Maigida ya gaji da kallona, ya ce, "Ko ni ba ki tantance ni haka ba kafin aure."

Na ce, "Shi ya sa yanzu nake karanta ƙananan rubutu."

Wadda na tsaya a kanta ba ta da rawar kai. Ba ta damƙa kuɗi a hannu, mai shago take biya kai tsaye, ta faɗi ribarta tun farko, ba ta ƙaruwa, a biya a hankali. Tana kuma da wurin ware kuɗi kamar asusu, na itace daban, na cefane daban. Illarta ɗaya, ta duba cinikina ta ce koma guda kawai za ta iya saya mini. Ko rabin abin da na saba kaiwa bai kai ba. Na ce da babu gara ba daɗi.

Hanya ta yanke, da jirgi na ƙarasa, koma a ka, goro a ƙugu. Na tarar da Baba yana ɗinkin tsohuwar komarsa a gindin tsamiya. Na durƙusa muka gaisa, muka yi jajen ruwa, sannan na ajiye kayan.

"Baba, bana abin da ya samu ke nan."

Ya shafa zaren, ya ja shi da ƙarfi. "'Yar nan, mai motar ya turo abin da ya ninka wannan."

"Na ji, Baba."

"To, Allah ya kai mu janyewar ruwa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na dawo gida. Na koma toya ƙosai a ƙofar gida, duk abin da ya shigo in ware na itace in kulle. Aka fitar da ankon biki har biyu ban yi ba, dangi suka ce na zama marowaciya, na ce su faɗa da kyau. Da haka na sake gina murhu, ban ma sani ba ko zan samu abin ɗorawa a kai.

Ranar da aka fara fita kamun kifi, da sassafe ina bakin ruwa. Motar dillali na tsaye, jirage sai nufarsa suke. Can na hango na Baba ya ratso ciyawar kacalla, ya yi nauyi da tarwaɗa. Ya zo daidai motar, ya ɗaga wa mutumin hannu, ya wuce. A gabana ya kafa gorar tuƙinsa.

"Na mayar masa da kuɗinsa tun tuni," in ji shi. "Shi waya ya aiko, ke ƙafa kika tako. Miƙo kwandon, rana na yi, kifi ba ya jiran mai kuka."

Akwai masu dako a wurin, amma ban kira kowa ba. Da kaina na ɗora kwandon a ka, ruwan kifi na zuba a mayafina, na bi ta gaban motar a hankali.