Yadda Baba Birki ya koma ɗan koyo

Shekara talatin da takwas Baba Birki ya yi yana koya wa mutane tuƙin mota, ko kaza bai taɓa takewa ba. Sunan ma ɗalibansa ne suka laƙaba masa, don kafin ɗan koyo ya gama sa giya ya daka masa tsawa: "Birki!" Karatunsa kuwa ɗaya ne tal: "Kada ka kalli ƙafarka, ba a ƙafarka hanya take ba." Da ya ajiye aiki sai ya dasa kujera a ƙofar gida, kusa da tsohuwar motarsa, duk direban da ya wuce sai ya ba shi maki. Ba a taɓa jin wanda ya ci ba.

Mutumin da manyan motoci suka kasa, sai ga guntun sabulu ya kai shi ƙasa a banɗaki. Ƙashin ƙugu ya karye, aka yi masa aiki, aka sallamo shi da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce abin da ba shi da sitiyari ba shi da madubi ba abin hawa ba ne.

Gaskiyar magana, tsoro yake ji. Da an tsayar da shi sai idonsa ya kafe kan ƙafar, gumi ya karyo masa, ya ce a mayar da shi gado.

Babbar 'yarsa ba ta iya zagaye-zagaye ba. "Baba, Mama ba za ta iya ɗaga ka kullum ba. In wata ya ƙare ba ka kai kanka banɗaki ba, gidana za mu tafi."

Gidan nata a hawa na huɗu yake, tagarsa bango take kallo. Ba titi, ba direba, ba wanda zai kayar. Banɗaki kuwa taku goma sha biyu ne daga gado.

Aka ɗauko likitar gashin ƙashi, mai zuwa gida sau uku a mako. Tana shigowa ta yi murmushi.

"Malam, ka gane ni?"

"Na gane ki mana. Ke ce kika yi ribas kika faɗa kwata."

"Ni ce. Ka ce gara in sayi keke. To, yau kai ne ɗan koyo. Bismilla, tashi."

Ya tashi, kai a sunkuye.

"Ɗago kai, Malam. Ba a ƙafarka hanya take ba."

Daga kicin aka ji matarsa ta tuntsire da dariya.

"Ke tsohuwa, dariyar me kike?"

"Albasa nake yankawa, Malam."

Mako uku ana fama, taku biyar ne iyakarsa. Ranar ƙarshen wata 'yar ta iso da akwati, ta fara ninke masa riguna. Ya kwanta yana kallon silin. Likitar ta dube shi, ta ce bari ta gyara tsayuwar motarta, wai ta tare hanya.

Can sai aka ji giya ta yi kuka kamar ana yanka akuya. Mota ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Ta taga ya hango bayan motar yana nufar tsohuwar motarsa a karkace.

Bai san sa'ad da ya damƙi ƙarfen ba. Ya wuce banɗaki, ya wuce falo, ido na gaba, baki na aiki: "Karya hagu! Hagu na ce! Birki!"

Matarsa na biye tana ƙirgawa. "Ashirin da uku," in ji ta.

Sai a lokacin ya dubi ƙafarsa. "Ku miƙo kujerata, ba kallo na ce ku yi ba!"

Likitar ta juya sitiyari da hannu ɗaya, ta ajiye mota tsaf a gefen titi, ta leƙo.

"Maki nawa, Malam?"

"Kin faɗi. Ki dawo jibi."

'Yar ta koma ciki ta zazzage rigunan a kan gado. Abu ɗaya ta tafi da shi a akwatin: duk wani guntun sabulu da ke gidan.