Rayuwar Umaima Lamine, Mai Raka Mata Kotu

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Umaima a garin Isawan na gundumar Mayahi a shekarar 1964. Mahaifinta Malam Lamine manomi ne, mahaifiyarta Furera kuwa sana'arta fura. Ta sauke Alƙur'ani, ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida.

Aure

A 1983 ta auri Mutari, wani ɗan kasuwar Tasawa, bisa son ranta. Shekara goma ta yi tana shan duka, duk inda ta kai kuka kuwa nasihar haƙuri ake yi mata. A 1993, bayan ya karya mata hannu, ta kai ƙara wajen jandarmomi, likita ya ba da shaida, kotu ta hukunta shi, aka kuma raba auren.

Hidima

Tun daga lokacin, matan da mazajensu suka raunata suka riƙa sallama a gidanta. Takan kai su asibiti a rubuta shaidar rauni, ta raka su gaban alƙali, ta fassara musu abin da aka faɗa da Faransanci. Akasarinsu sukan janye ƙara kafin ranar shari'a saboda matsin dangi.

A 2016 wata Zubaida daga Urafan ta zo da tsagaggen leɓe, amma kawunta ya biyo ta ya ce, "Hajiya, ba mu kai miji kotu a gidanmu."

Umaima ta ce, "Malam, in kun maishe ta, wa za ya tsare ta?"

Ya tafi da ita. Kafin kaka aka yi jana'izar Zubaida, kuma ba wanda aka tuhuma.

Ƙarshen Rayuwa

Bayan wannan waƙi'a maganar Umaima ta ragu, ciwon ƙafa ya kama ta. Takan ce wa ɗiyarta Samira, "Na gaji da zaman bencin kotu, amma in na ƙi, su tahi da wa?"

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Talata a watan Maris na 2023, aka yi mata sutura a maƙabartar Tasawa. Ta bar ƴaƴa uku: Rayyanu, Samira da Harisu. Ta kuma bar wata baƙuwa a ɗakinta mai jiran shari'a ranar Alhamis. Samira ce ta tashi daga zaman makoki ta raka ta kotu. Allah Ya jiƙan Malama Umaima.