Rumbun da Kaka Ta Ce In Riƙa Buɗewa

A Mpape na girma, can saman tudu inda ake jin ƙarar fasa dutse tun safe. Babanmu a wurin fasa dutsen yake aiki, Innarmu kuma tana sayar da abinci. Mahaifiyar Baba, wadda muke kira Kaka, ita ke gasa masara a ƙofar gida idan damina ta kama. Da an idar da sallar magariba sai mu yaran layin mu kewaye murhunta, tana fifita gawayi da guntun kwali, tana juya masara da yatsun da wuta ta daina ƙonawa. Idan ciniki ya lafa sai ta ce, "Ku matso, tatsuniya ba ta son nesa."

Tana da doka guda. Ba ta buɗe sabuwar tatsuniya sai wani ya maimaita ta jiya. In ka tsallake wani wuri, sai ta ɗaga kwalin ta ce, "Koma baya, ka bar kura a bakin rafi."

Shekarar da nake aji shida na faɗi jarrabawar gwaji, saura wata biyu a yi ta shiga sakandare. Abin ya yi mini ciwo, domin ba wasa nake yi ba. Kullum littafi na hannuna, ina bin layi da ido har idanuna su yi ja. Amma da aka ajiye mini takarda sai kaina ya zama fayau. Baba ya ce, ba da faɗa ba, in ban ci ta gaba ba sai in zauna in taya Inna tuƙa tuwo. A ranar na je na zauna bayan Kaka. Ta miƙo mini rabin masara, ta fara ba da labari.

Wai wasu manoma biyu ne suka yi girbi mai kyau, kowa ya cika rumbunsa da dawa. Na farko ya liƙe bakin rumbun da laka, kullum ya zo wucewa sai ya dafa shi ya ce, "Ai a cike kake." Na biyu kuwa duk Juma'a sai ya buɗe, ya ɗebo kwano guda, ya duba, ya shanya a rana, ya mayar. Mutane suna yi masa dariya, suna cewa bai yarda da rumbunsa ba. Wata Juma'a ya ga gara ta fara shiga ta gindi, ya toshe wurin. Da bazara ta yi nisa, abinci ya yanke, na farko ya tara iyalinsa ya fasa lakar. Ya zura hannu, ya fito da ƙasa da ƙaiƙayi.

Da yara suka watse sai ta juyo ta dube ni.

"Jummai, ke zubawa kawai kike yi. Yaushe rabonki da ki ɗebo ki gani?"

"Kaka, ai ba ki san boko ba."

"Ban sani ba. Shi ya sa za ki koya mini. Gobe ki rufe littafin, ki zo ki ba ni shi kamar tatsuniya."

Haka muka fara. In karanta shafi biyu da la'asar, in cusa littafin ƙarƙashin tabarma, in tsaya gabanta in faɗi yadda ruwa ke tashi sama ya zama girgije, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ranar farko ko jimla huɗu ban haɗa ba. Ta ce in je in leƙa in dawo. Wani lokacin ina tsakiyar zuba sai kwalin ya tashi: "Nan kin yi tsalle." In na duba kuwa, daidai wurin ne ban gane ba. Darasin jiya ma sai na maimaita kafin ta karɓi na yau. Har masu sayen masara suka saba, wani direba yakan tsaya ya ce, "Mama, yau me 'yar makaranta ta kawo?"

Na ci jarrabawar. Ba ni ce ta ɗaya ba, amma sunana ya fito.

Sai da na shiga kwalejin horar da malamai, ita kuma tsufa ya kwantar da ita, na tambaye ta yadda take gane inda na yi kuskure. Ta yi dariya har da tari.

"Ni me na sani a girgijenku? Muryarki nake saurara. Inda kika sani, a hankali kike tafiya. Inda ba ki sani ba, sai ki kama gudu kamar an biyo ki."

Allah ya ji ƙanta. Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Gudu, kuma iyaye kan zo su tambaye ni sirrin cin jarrabawa, suna zaton wani littafi zan rubuta musu su saya. Nakan ce su sa yaron ya rufe wanda yake da shi, ya faɗa musu abin da ke ciki. Wasu sukan sunkuyar da kai su ce ba su yi makaranta ba. Nakan ce musu wadda ta koya mini ma ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, zama kawai ta yi ta saurare ni.