Maɓalli Uku a Kafaɗar Hagu

Shekara ashirin da shida Gwaggo tana ɗinka rigunan 'yan matan sakandaren unguwarmu, kuma ba ta taɓa yin kuskure ba, in ji ta. In riga ta matse, yarinya ce ta yi ƙiba. Abin alfaharinta hannun riga ne: dogo, tsukakke, ko sauro sai ya nemi izini.

'Ya ɗaya ta haifa. Ciwon dajin bakin mahaifa ya ɗauke ta tana da shekara talatin da huɗu, ta bar wa Gwaggo jika, wadda muke kira Takwara. Don haka da aka kawo wa makarantar allurar rigakafin ciwon, Gwaggo ce ta fara dangwala yatsa a takardar izini.

Amma ranar allura sai azuzuwa su zama kufai. Cikin 'yan mata ɗari biyu, sha bakwai aka samu. Aka yi taro, aka zargi iyaye, aka zargi jita-jita, aka manna hotunan faɗakarwa a bango, akuya ta cinye na ƙasa. Zuwa biyu ma'aikatan asibiti suka yi, duka biyun Takwara na cikin masu tsallake katanga.

Gwaggo ta tsare ta gaban keken ɗinki.

"Ke da kika huda kunne sau uku, allura kike tsoro?"

"Ba allurar ba ce, Kaka. Hannun rigar ne ba ya naɗuwa. Sai an tuɓe ta gaba ɗaya, ga taga ba labule, maza na leƙe."

"Wa ya ɗinka rigar?"

"Ke."

Gwaggo ta ce, "To, yadin ne."

Washegari ta je asibiti ta tambayi nas a wane hannu ake yi. Aka ce yawanci hagu. Ta aika makaranta cewa sabon yayi ya fito, kowa ta kawo rigarta. Sati uku tana farke kafaɗun hagu, tana sa maɓalli uku-uku. Wanda ya tambaya, ta ce ado ne.

A zuwa na uku aka yi wa ɗari da tamanin da ɗaya. Shugabar makaranta ta samu takardar yabo saboda hotunan bango. Gwaggo na wurin, har tafi ta yi.

Ina shagon Gwaggo ranar da Takwara ta dawo, ta ɓalle maɓallan, ta nuna ɗan audugar da ke damtsenta. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa, tausayinta ya kama ni.

"Na tsakiyan ya saki," ta ce. "Tsaya in ɗaure."

Matar da ba ta taɓa sa tabarau ba, sau biyar tana gwadawa, zare ya ƙi shiga allura.

"Hasken shagon nan ne," in ji ta.