Malam Katanga Ya Koma Aji Ɗaya

Malam Katanga ba sunan yanka ba ne. Ɗalibai ne suka raɗa masa tun yana sabon malamin horo a wata babbar sakandare, sunan kuma ya manne masa, har ta kai ko matarsa in aka kira sunansa na gaskiya a layin asibiti sai ta waiga ta ga wa ake nufi.

Wasu malaman an san su da lissafi, wasu da tarihi. Shi an san shi da kusurwar bayan ɗakin girki, inda katangar makarantar ta ɗan yi ƙasa, ga wani tsohon tankin ruwa da ake takawa. A nan ya yi aikinsa har ya yi furfura. Ba ya gudu, ba ya ihu. Yaro zai hau, ya leƙa, ya ga babu kowa, ya dira waje ya sha iskarsa. Sai ya dawo ya diro ciki, zai tarar da Malam a tsaye, hannuwa a baya, fuska a sake.

"Sannu da zuwa," zai ce.

Hukuncinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba: tsintsiya. Ka share daga babbar ƙofa har inda ka dira, a gaban jama'a. Kuma kafin ya miƙa maka tsintsiyar sai ya faɗi maganar da duk wanda ya ratsa makarantar ya haddace fiye da karatun da aka kai shi yi: "Duk abin da ɗalibi ke bukata yana cikin katanga."

Ko 'yarsa ta ƙarshe, Auta, ba ta tsira ba. Tana aji uku ta tsallaka da ƙawayenta, ta diro a gaban ubanta. Ya yi mata sannu da zuwa, ya ba ta tsintsiya, ta yi shara tana kuka. Da yamma a gida ya tambaye ta yaya makaranta.

Bayan ya yi ritaya sai hawan jini ya ɗan taɓa shi, hannunsa na dama ya yi nauyi, yatsun suka daina jin magana. Mutumin da ɗaruruwan yara ke tsit in ya ɗaga yatsa, ga shi yatsan ya ƙi ɗaguwa. Auta, wadda zuwa lokacin take aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti, ta kawo masa 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ce shi ba jariri ba ne. Ta kawo masa wake a faranti ya riƙa tsinta. Ya miƙa wa Umma, matarsa, ya ce a dafa. Rannan sai ta shigo da na'urar wasanta, ta jona wa talabijin ɗin falo, ta ɗora masa abin dannawa a cinya.

"Baba, magani ne."

"Maganin da na cika durowar ofis da irinsa?"

"Wancan ƙwace ne. Wannan likita ce ta rubuta."

Wasan na kama wasu 'yan dodanni ne. Kana yawo, ka ci karo da halitta, ka kara ta da taka, in ta galabaita ka jefa mata kwalba ta shige. Malam ya kalla ya ce ɓata lokaci ne. Auta ta ce ai an yi wa wasan sabon ƙari, yanzu makaranta ake tura mutum. Ta danna. Sai ga makaranta a kan tudu, da ƙararrawa, da ajujuwa, da ɗalibai cikin kaya iri ɗaya. Ga kuma katanga, fara tas, ta zagaye komai.

Malam ya gyara gilashinsa.

"Wa ke kula da katangar?"

Ta nuna masa wani mutum mai gashin baki da usur a wuya, yana kai da komo. Malam ya daɗe yana nazarin tafiyarsa. Sannan ya ɗauki abin dannawar da hannun hagu, ya ɗora na daman a kai.

Haka Malam Katanga ya koma aji ɗaya.

Tun da aka ƙirƙiri wasan, da wuya a ce ya taɓa samun ɗalibi irinsa. Akwai maɓallin gudu, Malam bai taɓa shi ba a cikin gini, domin ba a gudu a baranda. Wasan ya ba shi huluna da tabarau da takalma masu walƙiya, ya bar su a akwati, ya zauna cikin kayan makaranta. Darussan da kowa ke dannawa su wuce, shi yana zama ya karanta su har ƙarshe, wani lokaci ya gyara wa malamar bayani. Kowace safiya sai ya je ya tsaya gaban mai usur ya gaishe shi. Mai usur ya ce, "Yau gari ya yi daɗi, ko?" Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Alhamdulillahi, abokin aiki." Abin da kawai ya dame shi shi ne babu maɓallin da za ka ce wa yaro ya cusa rigarsa.

Dodannin ma bai bar su haka ba. Ya kama wani mai kama da bushiya, ƙayoyinsa fensira ne, ya sa masa Sarkin Surutu. Ya kama wani ƙadangare mai cin alli, ya sa masa Makararre, saboda sai an gama faɗa yake kai duka. Wani ƙato mai kama da katifa ya zama Bencin Baya. In wasan ya ce dodo ya isa ya rikiɗe ya girma, Malam yakan dakatar da shi ya ce ba a ƙarin aji a tsakiyar zango.

Umma, wadda ke ɗinki a ɗakin da ke jikin falon, ta saba da sabon tsarin gidan. Takan leƙo da tef a wuya ta ce, "Malam, an tashi ne, ko in rufe maka shayin?"

"Saura darasi ɗaya."

"To, Allah ya ba da sa'a. A gaishe da hedimasta."

Yatsun kuwa suka fara jin magana. Babu wanda ya faɗa, don kada ya daina.

A ɗakin kwanan ɗalibinsa na cikin wasan akwai kanta da ake jera kwalaben. Tana cika, tana cika, har ya rage gurbi ɗaya a tsakiyar layin sama. Auta ta zo ranar hutunta, ta kalli gurbin, ta yi wata 'yar dariya da ba ta yi wa uban daɗi ba.

"Wannan kam sai dai haƙuri, Baba. Dodon wannan gurbin ba ya kamuwa sai a bayan katanga, kuma lokacin darasi."

"Babu makarantar da za ta tsara haka."

"Wannan ta tsara."

"Duk abin da ɗalibi ke bukata..."

"Yana cikin katanga," Auta da Umma suka ƙarasa tare, ɗaya daga falo, ɗaya daga ɗakin ɗinki.

Malam ya ajiye abin dannawar, ya miƙe zaune. Ya ce zai cike gurbin nan ba tare da ya taka doka ko ɗaya ba, kuma su shaida. Ya ce ranar da ƙafar ɗalibinsa ta taɓa saman katangar nan, a ba shi tsintsiya, ya share daga ƙofar gida har gaban talabijin, a gaban jama'a. Babu wanda ya nemi ya yi wannan alkawari. Umma ta tsayar da keke ta ce ta ji. Auta ta ce ita ma ta ji, kuma ta san inda ake sayar da tsintsiya mai kyau.

Dodon ƙaramin abu ne, kamar zomo, da 'yar jaka a baya da kunne ɗaya a karye. Yana fitowa ne a darasin da ke bin bayan hutu, lokacin da Malam ya fi kowa sanin na tsallake ne. Ta tagar aji yake hango shi a zaune bisa katanga yana kaɗa ƙafa. Da an kaɗa ƙararrawar tashi sai ya ɓace.

Malam ya bi duk hanyar da doka ta yarda. Ya je ofishin shugabar makaranta neman izinin fita, ta ba shi labarin tarihin ginin. Ya jira ranar da ake kai ɗalibai yawon buɗe ido, ya zagaya bayan katangar, ya tarar da ciyawa. Ya zuba abincin dodanni a gindin katanga ta ciki, ya koma aji. Yana kallo zomon ya sauko, ya cinye, ya goge baki, ya haye. Malam bai ji haushi ba. A aikinsa ya ga irin wannan yaron sau da yawa, kuma a ransa su ya fi tunawa.

Amma gurbin yana nan. Ya kunna wasa, gurbi. Ya kashe, gurbi. Har a kantar kofunan Umma, da ya ga an ɗauke kofi ɗaya a tsakiya, sai da ya tashi ya matso da sauran.

Wani hantsi, Auta tana wurin aiki, Umma tana ɗakinta da wata mai kawo ɗinki, keke yana ta ruri. Malam ya rage muryar talabijin. Ya dubi ƙofa. Ya fitar da ɗalibinsa daga aji, a karon farko ya danna maɓallin gudu, a baranda.

Bai yi ta neman wuri ba. Ya nufi bayan ɗakin girki kai tsaye, kuma ga shi nan, katanga ta ɗan yi ƙasa, ga ganga a jingine. Ashe ko'ina haka ake gina makaranta. Ya taka, ya haye, ya dira. Zomon na tsakiyar ciyawa. Malam ya saki Makararre, wanda ranar ya zo a kan lokaci. Jifa ɗaya, kwalba ta rufe. Hannun dama ko rawa bai yi ba.

Har ya tanadi abin da zai faɗa wa Auta: zomon ne ya zame ya faɗo ciki wurin cin abinci. Ya saurari ƙarairayi iri-iri a bakin katanga tsawon aikinsa, ya san wadda ke tsayawa da ƙafarta.

Ya taka wata ganga da ke ta waje, ya diro ciki. Ya ɗago kai. Ga mai usur a tsaye, taku kaɗan tsakaninsu.

Mutumin yana kallon tukunyar fure.

Malam ya raɓa ta bayansa a hankali. Mutumin bai ko waiga ba. Ya wuce ɗakin girki, ya hau baranda, ya kai ƙofar aji. Ya tsira. Babu wanda ya gani, babu wanda zai sani. Abin da ya rage kawai ya shiga ya zauna.

Ya tsaya a ƙofar ajin. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya.

Ya koma ya tsaya gaban mai usur, lokacin darasi, da ciyawa a wando.

"Yau gari ya yi daɗi, ko?" in ji mai usur.

Malam ya hau ganga a gaban idonsa, ya tsaya ƙiƙam a saman katanga. Mai usur ya koma kallon fure. Malam ya dira waje, ya sake hayowa, ya diro daidai kan takalminsa.

"Yau gari ya yi daɗi, ko?"

"Gari ya yi daɗi?" Malam ya cire gilashi. "Kai, wa ya ɗauke ka aikin nan? Ɗalibi ne a gabanka, ya fita, ya dawo! Usur ɗin na ado ne? Ba a nan ake tsayawa ba, bawan Allah, a bayan gangar ake tsayawa, inda inuwa take! Ka bar shi ya fita, a dawowa ake kamu! Duba, bari in sake, ka lura da kyau. Ga ni na hau. Ga ni na fita. To ga ni nan tafe, kama ni! Kama ni mana!"

Ya diro. A nan ne ya lura keken ɗinki ya daɗe da yin shiru.

Umma tana tsaye a ƙofar falo, tef a wuya, hannuwa a baya, fuska a sake. A bayanta ga mai kawo ɗinkin, wata uwar 'ya'ya da ta toshe baki da gefen mayafi, wadda Malam ya gane nan take, domin ta taɓa share masa daga babbar ƙofa har bayan ɗakin girki.

"Sannu da zuwa," in ji Umma.

Da la'asar Auta ta iso da sabuwar tsintsiya, ko ɗaurinta ba a sassauta ba. Jama'a ma ba su yi wuyar samu ba, mai kawo ɗinkin ta ɗauki nauyin wannan. Mai shagon kan kwana ya rufe shago ya zo, direban da ke ajiye mota a layin ya kashe inji, wani mai gyaran lantarki ya sauko daga tsani. Duk tsofaffin ɗalibai ne, duk sun zo gaishe da Malam ne kawai, kuma duk sun jeru a jikin bango da hannuwa a baya.

Malam ya karɓi tsintsiyar da hannun dama. Ya fara daga ƙofar gida. Shara ya yi ta gaske, lungu-lungu, har ƙarƙashin tukwanen fure, kamar yadda ya sha nuna wa wasu. Auta tana biye da shi, idonta a kan yatsunsa da suka damƙe tsintsiyar gam.

"Riƙon ya yi kyau, Baba."

"Ki matsa, kina taka mini shara."

Da ya kai gaban talabijin ya tattara, ya kwashe, ya jingine tsintsiyar. Mai gyaran lantarki ya yi ƙarfin hali ya leƙo ta taga.

"Malam, to yanzu ya maganar nan tamu? Ta abin da ɗalibi ke bukata?"

"Tana nan daram," in ji Malam. Ya kunna wasan, ya nuna musu kantar, layin sama a cike, zomo a kwalba yana kaɗa ƙafa. "Ina yake yanzu? Ciki ko waje?"

Aka yarda cewa a ciki yake.

Wasan ya nemi a sa wa sabon dodon suna. Malam ya dubi 'yar jakar da karyayyen kunnen, ya danna haruffan ɗaya bayan ɗaya da yatsan da a da ya ƙi ɗaguwa: Auta.

Har yau yana shiga aji a kan lokaci, cikin kayan makaranta, ba ya gudu a baranda. Sai dai ya daina gaida mai usur.