Ranar da Na Tsaya Ba Takalmi a Kaduna

Ana idar da sallar asuba muka nufi tashar Ƙanƙara, mu huɗu in an haɗa da na goye: ni, maiɗakina da jaririnta a baya, da 'yarmu ta fari mai shekara takwas, tana tafe tana tuntuɓe don barci bai gama sakinta ba. Tunda kun dame ni da tambayar yadda hutu ya kasance, to ga shi, amma kada wanda ya yi mini dariya sai na kai aya.

Yarinyar ce ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ga kuma ƙarin albashin nan da aka zubo mana a dunƙule, wanda ya sa kowane malamin makaranta ya ɗauki kansa attajiri. Wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset. Ni kuwa sai na biye wa wani abokin aikina da ya yi kwas na wata shida a ƙasar Turawa, ya dawo yana cin tuwo da cokali. Shi ya ba ni labarin wani filin wasan yara da aka kafa a Kaduna, mai lilo iri-iri da lantarki ke juyawa. Ya ce can inda ya je, uba ba ya gaya wa yaro za a kai shi irin wannan wuri, sai dai yaro ya buɗe ido ya gan shi a ciki, murna ta ninka. Abin ya zo mini daidai, don kun san yadda muke da ɗan fari: ko sunanta ba na kamawa, balle in zaunar da ita mu yi hira. Na sa aka ɗinka mata riga da zane a ɓoye, na sayi ɗan akwatin kwano, na ja kunnen uwarta kada ta kuskura ta furta. Ta ce, "Malam, anya kuwa?" Na ce ta bar mini komai. Ko yayata da za mu sauka wurinta a Kaduna ban aika wa ba.

Motar da muka samu kiya-kiya ce, an rubuta mutum goma sha biyu a jikinta, direba ya zuba abin da ya zuba. Sanyi na ratsa ƙashi, buhun barkonon wani na bayan wuyana, kajin wata tsohuwa na kan ƙafata. Daga Ƙanƙara zuwa Mabai hanyar duk gargada ce, in ka ga direba ya kauce wa rami to ya hango wanda ya fi shi ne yana son ya gwada. Gonaki duk an girbe, dawa a tsaye buka-buka, mata na cirar ragowar auduga. Ina ta nuna wa yarinya da baki ta bayan kan uwarta, ita kuwa ta ɗora akwatin a cinya ta rungume, ko tagar ba ta kalla. Abu ɗaya take yi: duk garin da muka shiga sai ta taɓa uwarta ta tambayi sunansa, ta maimaita a hankali. Na ce a raina, ka ga ɗiyar malami.

A Sheme muka hau kwalta, masu cin kasuwar 'Yankara suka sauka, muka samu wurin miƙe ƙafa. Funtuwa kuwa ta rikice da kuɗi. Manyan motoci sun yi layi da auduga, kowane lungu ana gini, mai shayi ya koyi faɗin naira da kwabo yana hura hanci, alhali bara da sule yake ciniki. Ƙosan da ake ba ka biyar a gida, nan uku ne, kuma sun sha iska. Na sayo shayi da burodi da dafaffen ƙwai, na miƙa. Ta girgiza kai. Na sayo alewa. Tana ganin alewar nan sai ta ƙanƙame zanen uwarta kamar na nuna mata kunama. Raina ya fara ɓaci, amma na danne, na ce hajijiyar mota ce.

Daga nan muka shiga tasi. Direban yaro ne da ƙuruciya a ka, gashi buzu-buzu, wando mai faɗin ƙafa, ya ƙure kaset yana gudu kamar an aiko shi ɗaukar wuta. Tsakanin Giwa da Zariya na karanta duk addu'ar da na sani. Motoci sababbi fil ko'ina, wasu ko ledar kujera ba a cire ba, ga kuma gawarwakin 'yan'uwansu kwance a gefen hanya. La'asar sakaliya muka shiga Kaduna, kaina na sarawa.

Yayata ta girme ni da shekara goma, ita ta goye ni, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Tana ganinmu a ƙofar gida, ta dubi yarinya, ta dubi sabuwar riga, ta dubi akwatin, sai ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. "Ɗiyata ta iso! Yau kam ɗiyata ta iso!" Nan da nan aka kama zakara aka yanka. Ta ja yarinya ɗaki ta nuna mata gado mai rumfa, ta ce nata ne. Ni duk na ɗauka irin wasan gwaggo da ɗiya ne da aka saba. Na ci nama na ƙoshi, ina jin haushin wadda ta ƙi ko taɓa romo.

Washegari da hantsi muka isa filin, har da yayata. Gaskiya wurin ya isa kallo. Akwai wani ƙaton lilo kamar ƙafar keke, yana ɗaga mutane sama da itatuwa ya sauko da su. Akwai ɗan jirgin ƙasa mai kewaya fili yana busa, da ƙananan motoci da ake bari yara su yi ta karo da juna ana tafi, abin da in ka yi a titi sai gidan yari. Ga dokunan katako masu fenti, jere a kan faifai, kiɗa na tashi suna zagayawa. Kuɗin shiga daban, kuɗin kowane lilo daban, lemon kwalba ninkin na gari, askirim kuwa kafin ka kai baki rabinsa ya bi gwiwar hannunka. Ma'aikata da matansu da 'ya'yansu sun cika wurin, kowa ya ci ado.

Na tsaya na buɗe hannu, na ce, "To, ga abin da aka kawo ki gani." Ina jiran tsalle da ihu, irin wanda abokina ya yi mini alkawari. Ta ɗaga kai ta kalli lilon sau ɗaya, ta mayar da ido kan ƙafafuna.

Na yanki tikitin jirgi, ta ƙi. Na yanki na motoci, ta ƙi. Gwaggonta ta lallashe ta, ta ƙara shigewa jikin uwarta. Rana ta take, jariri ya ɓare baki, tikiti biyu sun jiƙe da zufa a hannuna, yaran mutane na ta shewa a kan dokuna. Na tuna barkonon da na shaƙa da ramukan Mabai, na tuna babur ɗin da na fasa saya. Haushi ya kai mini iya wuya. Na manta da kunyar ɗan fari da komai, na ja ta gefe, na tsuguna gabanta.

"Ke, wai mi ke damunki? Tun jiya kin ƙi ci, kin ƙi magana. Mi aka yi maki?"

Ta daɗe tana murza bakin zane. Sannan ta ce, murya can ƙasa, "Baba, in na hau, tahiya za ku yi."

"Tahiya ina?"

"Gida. Ku bar ni wurin Gwaggo."

Sai hawaye, sai magana ta ɓalle. Ashe ƙawarta ta maƙwabta haka aka yi mata bara. An tashe ta da asuba, an sa mata sabuwar riga, ba a gaya mata inda za a je ba. Aka kai ta 'Yankara gidan ƙanwar babanta, aka ba ta alewa, aka ce ta je bayan gida ta ga 'yan tumaki. Kafin ta dawo uwarta ta sulale. Har yau tana can riƙo. Ita kanta 'yar tamu, da za a yaye ƙaninta da muka baro a gida, ta ga yadda aka ɗauke masa hankali da wasa a gidan kaka aka gudu. A garinmu, ban da Sallah, yaushe ake yi wa yaro sabon ɗinki da akwati a fita da shi ba bayani? Ni da na girma a nan ya kamata in sani. Sunayen garuruwan da take ta maimaitawa kuwa, hanyar komawa gida take haddacewa.

Kwana ɗaya da wuni ina tafe da yarinya tana bankwana da mu a zuci, ni ina lissafin tsadar ƙosai. Na rantse mata tare muka zo tare za mu koma. Ta dube ni, kallon da ke cewa ita ma uwar ƙawarta ai ta rantse. Na ce to mi zan yi ta yarda? Ta sake kallon ƙafafuna.

"Ba ni takalmanka in riƙe."

Jama'a, sabon takalmi ne sau-ciki, ranar na fara sa shi. Na dubi hagu na dubi dama, na tuɓe na miƙa mata. Na roƙi mai kula da dokunan ya bar ni in hau tare da ita, ya kalli babbar rigata ya ce dokinsu ba ya ɗaukar magidanci. Haka ta hau, hannu ɗaya a wuyan doki, ɗaya rungume da takalma. Ni kuwa ina tsaye a kan tsakuwa mai zafi da safa, babban malamin aji bakwai, ina ɗaga ƙafa ɗaya in sauke ɗaya. Wani mai kwat ya matso ya yi mini jaje, ya ce ɓarayin wurin nan ba su da imani. Zagayen farko da na biyu wuyanta a karkace yake tana nemana. A na uku ta gan ni inda ta bar ni. A na biyar na ga haƙoranta. Sau huɗu ta hau dokin nan, ta shiga jirgi, ta sha askirim biyu, duk takalmana na hammatarta. Babban lilon ne kawai ta ce a'a, kuma na goyi bayanta ɗari bisa ɗari.

Saura babban aiki. Da muka koma masauki na tarar yayata ta riga ta aika an kira tela, har ta yi maganar makarantar da za a sa yarinya. Ashe ba wasa take ba. Ta ce shekara nawa tana roƙona, da ta ga akwati ta san Allah ya karkato da zuciyata. A gidanmu ba a taɓa hana babba ɗa ba, ni kaina a hannun kawu na yi shekara shida. Na zauna a ƙasa gabanta, na ce, "Yaya, ki gahwarce ni. Yawo na kawo ta, kuma na yi mata rantsuwa." Sai ta ce, "Da ka aiko mani tun hwarko, da ban sa rai ba." Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da safe ta ɗaure wa yarinya ƙullin tsaraba, ta rako mu bakin titi, ta juya tun kafin mota ta tashi.

A dawowa ba abin da ya canza a hanya, ramukan na nan inda muka bar su, sai dai fasinjar tawa ce ta zama wata. Ta cinye ƙwai uku a Funtuwa, ta sa na sayi rake a Sheme, tana faɗin sunan kowane gari kafin mu shige shi, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Daga Mabai ta miƙe tsaye a mota. Muna sauka tashar Ƙanƙara ta zura da gudu, ta bar mu da kaya.

Abin da na koyo bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Dabarar da ta yi wa mutanen wata ƙasa daidai, sai ka duba me take nufi a ƙofar gidanku kafin ka ɗauko ta. Kunyar ɗan fari kuma ba ta hana a buɗe baki a gaya wa yaro inda za a kai shi. Shiruna ya tsorata ɗiyata, ya sa wa yayata ran abin da ban iya ba ta ba, kuma wannan na biyun ban san ranar da zan gyara shi ba. Abokin nawa mai cokali ya tare ni a makaranta yana murmushi, wai yaya ba-zata? Na ce masa ta yi kyau, ya gwada a gidansu.

Da na iso gida ranar da muka dawo, na tarar da yarinyar tsakar gida yara sun kewaye ta, tana kwatanta musu doki da hannu. Wata ta tambaye ta ko za ta sake zuwa. Ban shiga ba, na tsaya a zaure ina saurare.

"Zan koma mana," in ji ta. "Amma sai Baba ya hwaɗa mani tun ana saura kwana bakwai. Wannan karon ban samu na yi murna ba sai da aka kusa tashi."