Auta da Allon Malam Rami

Ƙanwata Auta ta yi shekara ashirin da uku tana shara a hawa na uku na jami'a, wurin masu lissafin sararin sama. Ni na kai ta aikin, lokacin da gwiwata ta fara ƙin bene. Daga ni har ita babu wadda ta taɓa zama a aji, sai dai mu shiga da tsintsiya bayan an tashi. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, kuma da tsintsiyar nan ta raine su. Ƙaramar tana makarantar jinya, saura shekara biyu ta gama.

Mutanen hawa na uku ba su da inji, ba su da kwalabe. Allo ne da alli, sai shayin da ya huce. Babbansu ana ce masa Malam Rami, don baƙin rami yake bincike. Ya taɓa yi mana bayani: wai babban tauraro in ya tsufa, nauyinsa ya fi ƙarfinsa, sai ya rufta cikin kansa, duk abin da ya matso kusa ya haɗiye, ko haske ba ya fitowa. Na ce, "Malam, ai na auri irinsa, shekara talatin ina zuba masa abinci." Ya yi dariya har ya ƙware. Shi abin da yake nema, ko abin da ramin ya haɗiye ya ɓace ke nan, ko da alamar da take saura. Shekara da shekaru yana kan wannan, kuma ana biyansa.

Auta ba ta karanta ko baƙi ɗaya, amma ta san allo. Rubutu manya-manya da aka yi da sauri na ɗalibai ne, ta goge. Wanda aka yi ƙanana, aka murje da yatsa aka sake, ga garin alli ya taru a ƙasa wuri guda don mutum ya daɗe tsaye, wannan ba ta taɓa shi ko zai yi wata.

Sai aka kawo sabon shugaban masu shara, saurayi mai duba agogo kafin ya gaida mutum. Mai Agogo muke ce masa. Ya zaga, ya ga allo uku ba a goge ba, ya ce lalaci ne. Ya ba ta zuwa Juma'a, ko ta gyara ko ta ajiye makulli.

Ranar Laraba da safe na ja gwiwata na hau benen don in ba shi haƙuri, ko in ba shi abin da ya fi haƙuri. Na same su a ofishin Malam. Mai Agogo ya ɗauki busasshen tsumma yana nuna mata yadda ake aiki, kafin ta buɗe baki ya share allon tas. Ya juya zai tsoma tsumman a bokiti, Auta ta sha gabansa.

"Yallaɓai, ka kore ni in ka ga dama, amma ruwa ba zai taɓa allon nan ba."

"Baba, ki matsa."

Na ce, "Ɗana, ta haifi wanda ya girme ka. Kai ka matsa."

Ana cikin haka Malam ya shigo. Ya kalli allon, ya nemi kujera ya zauna. Aikin mako uku ne, ya ce, bai kwafe ko'ina ba. Mutum mai auna taurari, amma takarda ta gagare shi.

Auta ta kashe fitila, ta ja labule ta bar ɗan tsaga, hasken safe ya kwanto a kan allon ta gefe. Ta ce, "Malam, taso. Manna kumatunka a bakin katakon nan ka duba."

Ya manna. Can sai ya ce a miƙo masa biro.

"Hannunka nauyi gare shi," in ji ta. "Shekara ashirin ina fama da sawunsa, sai na sa ruwa sau biyu yake fita."

Har azahar yana duƙe yana kwafa, tana gyara labule yayin da rana take matsawa. Layi biyu na ƙasa sun tafi, inda gumin hannun Mai Agogo ya shafa. Malam ya ce waɗannan zai iya sake su. Auta ta ce daga yau ya riƙa kwafewa kamar mai hankali, ya ce to, kamar yaron da aka kama.

Mai Agogo yana tsaye duk lokacin, ya rasa inda zai ajiye tsumman. Ba mugu ba ne, sabo ne. Da Malam ya ɗago, ya ce wa Mai Agogo allunan hawan nan tun yau hukuncinsu na hannun Auta, zai rubuta haka ya sa hannu.

A bakin bene yaron ya tare mu, yana sosa ƙeya.

"Baba, maganar Juma'a a bar ta. Akwai mata biyu da na ɗauka sababbi. Ko za ki koya musu yadda ake ganewa?"

Auta ta gyara ɗaurin makullinta. Ta ce, "Turo su Litinin. Kai ma ka zo."